Masu Jira a Cikin Ƙashin Inna

Ummi, jiya na kama ki ke da 'ya'yan Yaya Sale a bayan rumbu kuna kwaikwayon kakarku. Kina ɗingishi, kina buga ƙafar dama a ƙasa kina cewa, “Ina nan, ina nan,” su kuma suna birgima don dariya. Na ɗaga hannu zan make ki, sai na sauke, domin ba wanda ya taɓa zaunar da ke ya gaya miki da wa Inna take magana kowace safiya. Idan kika tambayi kawunki Sale zai ce miki maganar kaza ce, ya yi dariya ya wuce. Idan kika tambayi matan tungarmu za su ce uwarki ce ta shigo da gawa cikin gida tana da tsohon ciki. Masu rubuta tarihin rayuwarsu sukan jira sai furfura ta fito. Ni ko layin famfo ba na iya bi, balle in jira furfura. Zan rubuta shi yanzu, ki karanta ranar da karatunki ya kai. An ce ke 'yar fari ce, bai kamata in riƙa jan ki da hira ba, ga shi kuma sunan Inna kika ci. Kunya biyu ke nan. Na ajiye su duka a gefe sai na gama.

Shekarar da aka haife ki na dawo gida goyon ciki, daga gidan babanki a Wara zuwa tungarmu ta bakin ruwa. Ni ce autar Inna, ta tara a cikin waɗanda ta haifa, kuma tun kafin in sauke kayana ta riga ta tara itacen wankan jego ya fi ni tsawo. Ta yi wa duk yayyena mata wanka da hannunta, ta ce nawa shi ne na rufewa, ba za ta bar wa kowa ba. Inna a lokacin ba ta san zama ba. Da safe tana wurin shanyar warangi, ƙananan kifin nan da ake bazawa a rana, da yamma tana gindin ɗorawa da tarun Baba a cinyarta tana ɗinke inda ya yage. Wata safiya ta je sauke kwandon kifi daga kwale-kwale, santsin laka ya kwashe ta. Faɗuwar ko tsayin gwiwa ba ta kai ba. Amma ina tsaye a kan tudu na ji ƙarar, kamar an karya karan dawa, kuma ƙwaurinta na dama ya lanƙwashe inda bai kamata ba.

Aka kira Malam Audu maɗori, aminin Baba tun suna samari. Ya ja ƙafar, ya daidaita, ya jera tsagin gora ya ɗaure. Sannan ya yi abin da ya gada, ya ce a kawo kaza daga cikin kajin mai karayar. Aka kamo wake-waken Inna, wadda ta fi so, mai shiga ɗakinta ta yi ƙwai a cikin kwalla. Ya karya wa kazar ƙafar dama, ya ɗora da tsinke, ya ce yadda kaza ta warke haka mai ita za ta warke, ranar da kaza ta taka sai a fara maganar takawa. Ni na san wannan al'adar tun ina yarinya, amma sakandare ta riga ta ɓata mini baki.

“Malam, ita kazar me ta yi?” na tambaye shi.

“Auta, rufe mana baki,” in ji Baba.

Malam Audu ya yi dariya ya ce, “Bar ta, Alhaji. Ɗiyar ga tun tana goye taka gardama.”

Aka ajiye kazar a cikin kwando kusa da gadon Inna. Tare suke cin abinci. In an kawo mata tuwo sai ta gutsura ta miƙa ƙasa, in an shafa mata man ɗori sai ta ce a taɓa wa abokiyar jinyarta. Har hira suke yi. Kazar ta fara dogara ƙafa, Inna ta fara fara'a, sai ciwon kaji ya ratsa tunga. Gida-gida ana zubar da su. Wake-wake ta fara gyangyaɗi da hantsi, kafin la'asar ta miƙe ƙafa. Inna tana barcin rana a lokacin. Yaya Sale ya ɗauke gawar a cikin rigarsa, ya hau babur ya bi ƙauyukan Ngaski yana neman kaza mai irin zanenta, ya samo, ya naɗe mata ƙafa da tsinke da tsumma, ya mayar cikin kwando yana ta zufa. Baba ya sani, ni ma na sani, duk muka yi shiru. Inna ta farka ta leƙa kwandon, ta daɗe tana kallo.

“Sale.”

“Na'am, Inna.”

“Wace ƙafa tawa ta karye?”

“Ta dama mana.”

“To wagga baƙuwa mi ya sami hagunta?”

Kawunki da kike gani yana cika baki, ashe a gaggauce ya juya kazar tana fuskantarsa, ya ɗaure ƙafar da ke daidai hannunsa na dama. Yau abin dariya ne. A ranar ba wanda ya yi dariya, don Inna ta juya fuska bango ta ce a kwance wa baiwar Allah ƙafa a sake ta, ba ta yi wa kowa laifi ba. Daga nan ba ta ƙara tambayar yaushe za ta tashi ba.

Malam Audu ya zo ya kwance ɗaurin da lokacinsa ya yi, ya latsa, ya ce ƙashi ya kama, ta fara takawa a hankali. Ya ce mata kaza al'ada ce, ajalinta daban da na mutum. Inna ta ce ta gode, ba ta sauko da ƙafar ba. Na matsa aka ɗauki mota aka kai ta asibiti a Yauri aka yi hoto. Likitan ya ce ɗorin ya yi kyau, amma ƙasusuwanta sun yi shara-shara, abin da yakan sami mata da girma ya kama, balle wadda ta yi haihuwa da shayarwa da yawa, shi ya sa ƙaramar faɗuwa ta karya ta. Ya rubuta magani, ya ce ta riƙa shan hantsi, ta ci warangi har da ƙayarsa. Ya ce abin da ya fi kome shi ne ta fara ɗora nauyi a kan ƙafar da sanda, domin in ta ci gaba da kwanciya ƙashin zai ƙara lalacewa, wata rana ko ta so tashi ba za ta iya ba. Ya ɗaga hoton a hasken taga don ya ƙarfafa mata zuciya. Nan abin ya ƙara ɓaci. Inna ta ga ƙashi fari fat a cikin baƙi, irin wanda ake gani a bakin ruwa in saniya ta mutu ungulu sun gama da ita.

“Kun gani,” ta ce. “Ya bushe.”

Muka dawo gida. Ƙafar ta fara ramewa a idona, ta koma kamar muciya. Cikina yana girma, itacen wanka yana jibge a tsakar gida, kaji masu sabon zuwa suna hawa kansa. Na lallashe ta, ban iya lallashi ba. Wata rana na kawo mata ruwan alwala a kwano, na ga yadda take jan jiki da hannuwa zuwa bakin gado, matar da ke ɗaukar kwando biyu a kai, sai raina ya tashi. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce saboda kaza za ta nakasa kanta, na ce to ni wa zai yi mini wanka, maƙwabta? Ta bari na gama.

“Auta,” ta ce, “ba gardama nika yi ba. Tsoro nika ji. Icce in ya bushe an ka ɗora mai kaya, karyewa shika yi. Na ji ƙarar nan sau guda, ban son in ƙara ji.”

Na fita na zauna a kan turmi na yi kuka. A nan na gane cewa mu duka muna ce mata ƙashin ya warke, ita kuwa a wurinta ƙashi itace ne, kuma nata ya mutu tare da abokiyar jinyarta. Ba wanda ya ce mata yana da rai. Ni kuma na san yana da rai, don na taɓa gani da idona. A ajinmu na biyar malamar ilimin halittu, Malama Rifkatu, ta fito da madubin nan mai ƙara girman abu da muke kira maikiroskof, guda ɗaya tak da makarantar ke da shi, ta sa mu layi muka leƙa wani ɗan gilashi da aka manna ƙashin mutum a ciki, an goge shi har ya fi fatar albasa sirantaka. Yawancin abin da na haddace don jarrabawa ya zube. Wannan bai zube ba.

Na kira Malama Rifkatu a waya. Ta ce kayan makaranta ba ya fita a hannun kowa, amma in Asabar ta yi za ta nemi izini ta kawo da kanta. Kuskuren da na yi, in kuskure ne, na gaya wa Baba gaskiyar abin da ke cikin gilashin.

“Ƙashin mi?”

“Na mutum, Baba. Ɗan mitsitsi ne, bai kai farce ba.”

“Ko bai kai ƙwayar gero ba. Ɗan Adam a ƙasa aka rufe shi, ba a yawo da shi gidajen mutane. Ga mara lafiya, ga ki da ciki. Ban yarda ba.”

Baba ba mutumin faɗa ba ne, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ni ma da na sake tunani sai da tsigar jikina ta tashi. Amma na dubi ƙafar Inna, na dubi umarninsa, na zaɓa. Ranar Asabar ya fita duba taru tun da safe, kuma ban kira Malama na ce ta fasa ba. Ta iso da hantsi a bayan babur, ta rungume akwatin katako kamar jariri. Na sa Yaya Sale ya ɗauko Inna ya ajiye a tabarma a tsakar gida. Muka kifa turmi, muka ɗora madubin a kai. Irin na da ne, ba ya son lantarki, wani ɗan madubi ne a ƙasansa da ake juyawa ya kamo rana. Malama ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce mata Mama, ta tambayi jiki. Inna ta dubi gilashin.

“Na wane ne?”

“Wallahi Mama ban sani ba. Na tarar da shi a makaranta, an ce daga nesa aka kawo.”

“Namiji ko mace?”

“Shi ma ban sani ba.”

“An yi mai salla?”

Inna ta ɗaga hannu biyu ta roƙa wa mai ƙashin gafara, ko wane ne, ko wane addini ya bi Allah Ya san abinsa. Malama ta ce amin tare da mu. Sannan Inna ta sunkuya. Da farko ta rufe idon da ya kamata ta buɗe. Ta ce duhu kawai take gani, sai gashin idonta. Na fara cewa, “Haba Inna, ɗayan,” Malama ta taɓa mini hannu na yi shiru. Ta juya ɗan madubin a hankali har hasken ya shiga. Na ga kafaɗun Inna sun tsaya cak.

Bari in gaya miki abin da ke ciki, don wata rana za ki gani. Abin da kike zato dunƙulallen abu ne kamar dutse, a ciki zobba ne, zobe cikin zobe, kamar in kin jefa tsakuwa a ruwa mai kwanciya, kuma ba wuri ɗaya ba, ko'ina, suna gogar juna. A tsakiyar kowane akwai rami, hanyar da jijiyar jini ke bi. A jikin zobban akwai ɗige-ɗige baƙaƙe a jere, kowanne da siraran zare suna fita daga jikinsa ta kowane gefe suna kamo na maƙwabcinsa.

“Wanga ai taru ne,” Inna ta ce, ba ta ɗago ba. “Ga ƙulli, ga zare. Wa ya saƙa?”

Malama ta ce mata kowane ƙulli da take gani ɗaki ne. Na wannan bawan Allah babu kowa ciki yanzu, masu ɗakin sun tafi tare da shi. Amma a jikin mai rai kowane ɗaki da mai shi a zaune, wata 'yar halitta da ido ba ya gani, tana shan abinci daga jini, tana miƙa hannuwa ta cikin zaren nan tana taɓa 'yan'uwanta. Ta ce ban da su akwai masu rushe inda ya tsufa, akwai masu bi baya suna sabon gini, kuma ba sa hutawa tun mutum yana ciki har ya koma ga Allah. Su ne suka haɗe karayarta, Malam Audu ya daidaita musu bakin ne suka yi aikinsu.

“Kamar yadda kike yanke ruɓaɓɓen wuri a taru ki saƙa sabo,” na ce.

“Na ji, Auta, ba kurma nike ba.” Ta ɗago ta dubi Malama. “To su na cikin ɗaki, mi ne aikinsu? Zama kawai?”

“Saurare suke yi, Mama. In kin taka ƙasa, nauyinki yana ratsa ƙashin, su ne ke ji. Sai su aika a ƙara gini a wurin. In sun daɗe ba su ji kome ba, sai masu rushewa su yi ta kwasa, masu gini ba su biyo baya ba.”

Inna ta dubi ƙafarta. Ta sa hannu ta shafa ƙwaurin nan da ya rame, daga gwiwa har idon sawu.

“Wato suna nan ciki,” ta ce. “Tun ran da na kwanta suna saurare. Ba su ji ni ba, sun ɗauka na mutu.”

Ana cikin haka Baba ya yi sallama da filafilinsa na tuƙa kwale-kwale a kafaɗa. Ya ga turmi, ya ga akwati, ya gane. Ya amsa gaisuwar Malama da mutunci, don baƙuwa ce. Ni ko kallona bai yi ba. Daga ranar ya ɗauke mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa wa iska, in na kai masa abinci sai ya ce Sale ya karɓa. Labari ya zaga tunga, ya kai Wara, har dangin babanki suka aiko a tambaya ko gaskiya ne na kwana da ƙashin matacce a ɗaki. Wata tsohuwa ta ce a jira a ga abin da zan haifa. Ban nuna ya dame ni ba. Ya dame ni. Ni ce 'yar gaban goshin Baba, tun ina ƙarama ni ke riƙe masa kan taru, kuma ban taɓa sanin gidanmu yana da faɗi haka ba sai da ya daina kiran sunana a cikinsa.

Inna ba ta tashi a ranar ba, ba ta tashi washegari ba. Wata safiya ina shara na ji ta ce wa Baba tana son sanda. Ya ɗauko tsohon filafilinsa, wanda ya yi shekaru yana tuƙi da shi, wanda ko Yaya Sale ba ya bari ya taɓa, ya zauna a gindin ɗorawa ya sare faffaɗan bakinsa, ya kankare, ya auna da tsayinta. Shi ne sandar da kike gani a hannunta. Ya kama ta ta hagu, na kama ta ta dama, ba mu dubi juna ba. Ta sauko da ƙafar. Zufa tana bin wuyanta. Ta ɗora tafin a ƙasa kamar mai taɓa wuta, ta ɗan danna, ta jira ƙarar da take tsoro. Ba ta zo ba. Sai ta sunkuyar da kai ta yi wa ƙwaurinta magana a hankali, yadda ake yi wa yaron da ya firgita a barci.

“Ina nan,” ta ce. “Ku yi haƙuri. Ina nan.”

Daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa randa, wata rana har gindin ɗorawa. Akwai ranakun da ƙafar ta kumbura ta zage mu duka. Akwai ranar da ta jefe ni da sandar don na ce ta ƙara sauri. Da naƙudarki ta zo ba ta kai ga ɗaukar tukunya ba, matar Yaya Sale ce ta dafa ruwan ta kawo bayan ɗaki. Amma da na zauna a kan kujerar wanka, tururi ya rufe ni, sai na ji ƙwas, ƙwas, sandar tana tahowa. Ta jingina da katanga, ta miƙa hannu aka ba ta ganyen wanka, ta tsoma a ruwan zafi ta fyaɗa mini a baya. Na yi ihu.

“Yi shiru,” ta ce. “Mai bakin tsiya. Ke da kin ka ce maƙwabta za su yi miki.”

Da ta gama da ni aka miƙo mata ke. Ta zauna ta ɗora ki a kan ƙafafunta biyu, har da mai karayar, ta bi gaɓoɓinki ɗaya bayan ɗaya tana matsawa. Ta ce wa matar Yaya Sale ta duba, duk wannan daga jikin Auta aka kwasa aka gina, yadda aka kwashi nata aka gina mu tara. Ta ce ba ta yi asara ba, ta dai san inda ƙashinta ya tafi.

Baba kuwa sai ranar sunanki. An watse, ina zaune a ɗaki ina ba ki nono, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ya daɗe yana kallon labule.

“Auta.”

Na ɗago kai.

“Mai ƙashin nan. Kin ce ba a san sunanshi ba?”

“Ba a sani ba, Baba.”

“To. Na sa liman ya sa shi cikin addu'a da safe. Na ce wani baƙo ne da ya taɓa sauka gidana.”

Bai ce na yi daidai ba, har yau bai ce ba, kuma na daina jira. Ya miƙo hannu na ba shi ke.

Saboda haka gobe da safe, in kin ji kakarki ta sauko daga gado ta buga ƙafa ta ce tana nan, kada ki tsaya a bayan rumbu. Ki je ki miƙa mata sandarta. In kina so ki buga taki ƙafar kusa da tata, naki ma suna saurare.